Ƙarfen da Inna Take Riƙewa

Baburin na babanmu ne. Ina yaro ya saye shi, shekarar da audugarshi ta yi kyau ya kai ta Daudawa aka auna. Ɗan Japan ne na da, irin wanda komi nashi ƙarfe ne: tanki ƙarfe, murfin taya ƙarfe, murfin sarƙa ƙarfe, har gidan fitila. In ya faɗi sai ka yi bisimilla, ka tofa yawu a hannu, sannan ka ɗaga. Da Baba ya rasu aka zo rabon gado, ƙanena ya ɗauki shanun noma, ni na ce a bar mani babur. An yi mani dariya a zaure. Wannan dariyar ba ta taɓa damuna ba, har gobe.

A bayan baburin akwai kariya, wato wurin ɗora kaya, wadda ba ta kamfani ba ce. Wani maƙeri a garinmu, Ruwan Godiya, shi ya ƙera wa Baba ita saboda Inna. Faffaɗa ce kamar faifai. A gefen hagu tana da wani ɗan allon ƙarfe inda take aje ƙafafunta duka biyu, don Inna a karkace take zama, ta ce ita ba namiji ba ce da za ta raba ƙafa bisa babur. Sai kuma wani mariƙi mai lanƙwasa kamar kunnen tukunya, tsakanin mazaunin direba da nata. Shi take riƙewa. Tsawon shekaru tafin hannunta ya goge shi har yana sheƙi, ko tsatsa ba ta kama shi.

Sau ɗaya a shekara Inna take hawa baburin don tafiya mai nisa. In an gama girbi an kai hatsi rumbu, sai a kai ta wani ƙauye gaba da Pauwa, wajen yayarta, wadda muke ce wa Iya. Gidansu Maguzawa ne. Inna ta musulunta lokacin da ta auri Baba, Iya kuwa ta tsaya kan abin da ta iske iyayenta na yi, kuma ban taɓa jin wannan ya shiga tsakaninsu ba. Inna kan ƙulla sabon gero da daddawa da sabulu. Abin da take zuwa yi kuwa kitso ne. Akwai wani kitso na gidansu, ƙanana sosai, suna tashi daga goshi su karkata su haɗu a bayan kunne, Iya kaɗai ta rage da ta iya shi. Sauran watanni matan unguwa su yi mata duk abin da ya samu. Na lokacin kaka kuwa na Iya ne. Sai ta zauna tsakanin ƙafafun yayarta kamar yarinya, tsofaffi biyu, gashin duk bai cika tafin hannu ba, suna zagin mutanen da suka mutu tun ban zo duniya ba, suna dariya.

Bayan Baba, kai ta ya dawo wuyana. Daga baya ciwon yana ya rufe mata ido, sai haske da duhu kawai take bambancewa. Amma hawa babur bai gagare ta ba. A kawo ta kusa, ta miƙa hannun dama ta iske mariƙin, ta taka allon, ta zauna, ta gyara zane. Ba ta neman kowa ya tallabe ta.

Ni kuwa gwiwata ta lalace. Garma ce ta buge ni wani damina, aka yi ɗori, ɗorin bai yi ba. Kafin a kai ƙauyen su Iya akwai wani rafi mai yashi, faɗinshi ya yi filin ƙwallo. Dole a sauka a tura. A wata tafiyar na sauke Inna na tsayar da ita a inuwa, na kama tura babur, tayar gaba ta nutse, gwiwa ta ƙi, ya kwanta. Na ja, na ja, na yi nishi kamar mai naƙuda, ko gezau. Wasu mata ne masu wanki suka taso.

"Sannu Baba. Kauce mu gani."

Su uku suka ɗaga shi suna ƙyalƙyala dariya. Wata mai tsiwa a cikinsu ta ce, "To ga doki ya tashi. Ko kai ma mu ɗauke ka mu ƙetarar?"

Inna daga inuwa ta ce, "Mi ya faru?"

Na ce, "Ba komi."

"Na ji ƙarfe ya faɗi." Sai ta ce, ba da ni take ba, da iska take, "Mai shi shi kaɗai yake ɗaga abinai."

Wannan maganar ta zauna mani a ƙirji shekara guda. Kuma ba ita kaɗai ba. Lokacin hanyar ta fara lalacewa da ɓarayin daji. Ba wanda ke son ya tsaya cikin rafi yana kokawa da babur, da makauniyar tsohuwa a gefe. Duk wanda zai ce mani girman kai ne ya kai ni wajen makanike, to ya zo ya tura baburin nan cikin yashi da gwiwa ɗaya, sannan mu yi magana.

Makaniken a Faskari yake. Ba yaro ba ne, ya yi arba'in, bakinshi ya fi hannunshi aiki. Ana ta girbi na kai mashi, na ce ina son a rage mashi nauyi. Ya zagaya shi, ya kama kai ya jijjiga.

"Malam, wanga ai ba babur ba ne. Jaki ne ya haɗiye maƙera."

"Na ji. Za ka iya ko in wuce?"

"Haba, zauna mana. Kawo benci a ba Alhaji."

"Ban je ba."

"Da wannan mashin ɗin ai ko Funtuwa ba ka zuwa, bare Makka."

Ya ciro waya ya nuna mani hotuna, wai a ƙasashen Turawa haka ake yi wa tsofaffin babura, a tuɓe su tas a sa masu kaya marasa nauyi. Ni karatuna bai yi nisa ba, na leƙa sakandare na fito, rubutun da ke ƙasan hotunan ban gane ba. Ba hotunan suka ci ni ba ma. Dabarar da ya yi mani ita ce, duk abin da ya kwance sai ya ɗora mani a hannu. Ya kwance murfin tayar gaba ya miƙo. "Ji nan." Na ji. Ya ɗauko na roba ɗan Cana ya ɗora mani a ɗaya hannun. "To ji wannan." Kamar ganyen kuka. Haka muka bi murfin sarƙa, da gidan fitila, da ƙafar tsakiya da ake jingine shi a kai. Salansar ma ya cire tsohuwar mai kaurin taɓarya ya sa wata 'yar siririya. Hannu ba ya ƙarya, kowane ɗaya na ji bambanci.

Da ya zo kan kariya na ce ya dakata.

"Wannan ta tsohuwa ce."

"Ita ce rabin nauyin ai! Ɗaga ka ji." Na ɗaga. Gaskiyarshi, ta fi duk sauran. "Tsohuwa mi za ta yi da ƙarfe? Soso take so. Zan sa maka dogon sit mai laushi, da 'yar kariyar alminiyam a baya. Hajiya za ta ji kamar bisa katifa take. Sai ta sa maka albarka."

Na tuna yadda Inna kan ninka tsohon bargo ta shimfiɗa a kan ƙarfen kafin ta zauna. Na ce a raina, shekara nawa tana zama kan ƙarfe, bari ta ɗana laushi. Na ce ya cire. Bai tsaya nan ba, har kunnuwan da maƙeri ya liƙa a jikin baburin don ɗaure kariyar ya sa zarto ya yanke, wai su ma nauyi ne.

Aka tara ƙarafan a gefe, tsibi guda. Na ce zan tafi da su.

"Da mi za ka ɗauka? Wannan 'yar kariyar ko tiya biyar ta gero ka aza mata sai ta lanƙwashe. Bar su nan."

Na bar su. Ban ce ya aje mani ba, shi ma bai ce zai aje ba. Kuma kowa ya san abin da aka bari a garejin makanike na makanike ne.

Ba zan ɓoye ba, na ji daɗin hanyar komawa gida. Baburin ya zama kamar ɗan akuya. Na shiga yashi da gangan na fita. Na tsaya inda ba kowa, na kwantar da shi ƙasa da kaina, na ɗaga da hannu ɗaya da rabi. Na yi dariya ni kaɗai kamar taɓaɓɓe.

Da can, tun ina bakin kasuwa Inna take jin tafiyata. Tsohuwar salansar ƙasa-ƙasa take bugawa, kamar ana daka a gida na uku. Sai ta ce wa matata, "Ga shi nan, ɗora ruwa." Ranar har na shigo da babur zaure na kashe, na ji tana tambaya daga ɗaki, "Wane baƙo ne da injin markaɗe?" Matata ta yi dariya, ni ma na yi. Ban ɗauki abin komi ba.

Ana gobe tafiya Inna ta tsefe kanta, ta wanke, ta shafa man shanu ta ɗaure da kallabi. Haka take yi kullum, don da ta isa Iya ta kama aiki ba jira. Washegari da hantsi matata ta riƙo ta zuwa ƙofar gida, ƙullin gero da daddawa na rataye a gaba. Ina zaune bisa babur ina jira.

Ta miƙa hannun dama inda ta saba. Hannun ya kama iska. Ta sake miƙawa, ta ɗan yi ƙasa. Ta taɓa soso. Ta bi shi da yatsu har ƙarshe, ta taɓa alminiyam ɗin, ta janye hannu kamar ta taɓa ƙadangare. Ta ɗaga ƙafa tana laluben allon, ƙafar ta dawo ƙasa.

"Ina baburin?"

"Shi ne wannan, Inna. Gyara aka yi mashi. Ji laushi."

"Wanga ba shi ba ne."

"Wallahi shi ne. Nauyi aka rage."

"Ina abin riƙo?"

Sai na ce abin da duk mai babur yake ce wa wanda ya goya. Na ce, "Ki hau ki riƙe ni."

Ta juyar da fuska gefe, ta ja bakin mayafi ta rufe baki. Matata ta zaro mani ido, ta matso ta ce ƙasa-ƙasa, "Kai ɗan fari ne fa. Ka manta?"

Ban manta ba. Yaya za a yi in manta? Tunda Inna ta haife ni ba ta taɓa faɗin sunana ba. "Kai" ne, ko "wancan", ko "yaron ga". Kakata ce ta goya ni. Ban san ranar da Inna ta dafa kafaɗata ba, ko ina ciwo sai dai ta tsaya bakin ƙofa ta tambayi wani yaya mai jiki. Irin kunyar mutanen da ke nan, kuma ita ta riƙe tata da ƙarfi. Abin da ban taɓa haɗawa ba shi ne wannan da mariƙin. Shekara da shekaru tana bayana, tsakanina da ita bai fi taƙi ɗaya ba, ko rigata ba ta taɓa shafa ba, ni kuwa ban taɓa tambayar kaina dalili ba. Baba ma don haka ya sa aka ƙera shi, don macen zamaninsu ba ta rungumar miji a kan hanya mutane na kallo. Shi ya san matarshi. Ni na ɗauka ƙarfe ne kawai.

Da na yi shiru a lokacin da ya fi. Amma rana ta fara zafi, maƙwabta sun fara leƙowa, ga aikin da na yi don ita an ƙi ko taɓawa. Na ce, "Haba Inna! Na yi furfura, ina da jikoki, har yau kunyata kike ji? Wa zai gan ki cikin daji?"

Ta ce wa matata, "Ke, mai da ni ɗaki."

Na bi ta da wasu dabaru. Na ce a ɗaura igiya a jikin sit ta riƙe, ta taɓa igiyar ta ce ita ba akuya ba ce. Na ce in samo ɗan acaɓa, ta ce ba ta hawa abin da ba ta san bayanshi ba, kuma ba ta riƙe ɗan wani. Mota ba ta shiga ƙauyen. Ƙanena shi ne za ta iya riƙewa, don shi auta ne, har wasa suke yi. Yana kudu wajen sana'arshi. Na kira shi, ya ce in sha Allahu ƙarshen wata. Wannan in sha Allahun nashi na san shi tun muna yara.

Washegari na koma Faskari. Wurin da aka tara ƙarafan an share shi har an yayyafa ruwa.

"Ina kayana?"

"Wane kaya, Alhaji? Au, tarkacen? Ai 'yan gwangwan sun zo."

"Har kariyar?"

"Ita suka fara ɗauka. Ka ce in aje ne?"

Ban ce ba. Na tsaya ina kallonshi yana goge hannu da tsumma, ya ce in bari ya samo mani wata a kasuwa, wai duk kariya kariya ce. Na tambaye shi inda masu gwangwan ɗin suke kai kaya, ya ce Sabuwa.

Na tafi Sabuwa a ranar. Wani fili ne bayan gari, an tara ƙarafa kamar dutse: tsofaffin garemani, gadaje, tukwane, ƙofofin mota. Mai wurin na zaune gaban sikeli yana cin rake. Na kwatanta mashi kariyar da hannu, faɗinta, allon ƙafa, mariƙi mai sheƙi. Na ce ta mahaifiyata ce.

Ya tofar da ɓawon rake ya ce, "Baba, mu nan nauyi muke saye. Ba mu duba fuskar kaya. Shiga ka duba, in ka gani ɗauki, na ba ka."

Mutumin kirki ne, ban da abin cewa a kanshi. Na shiga na yi ta tono har ƙarfe ya yanke ni a hannu biyu. Na samu murfin sarƙata, an take shi ya lotse. Na gane shi da wani tabo da na yi mashi ina saurayi. Kariya babu. Ya ce babbar mota ta yi lodi ta tafi inda ake narkarwa, mai yiwuwa tana ciki. Na ɗauko murfin sarƙar, ban san don mi ba. Yana nan bisa katanga har yau.

Maƙerin da ya yi ta farko ya daɗe da rasuwa, 'ya'yanshi sun bar ƙira. Sai na tafi wajen wani mai walda a Ƙanƙara na zana mashi a ƙasa da tsinke. Ya ce zai yi, amma sai an sake liƙa kunnuwan da aka yanke. Yau ba wuta, gobe ba man janareto, jibi ya tafi jana'iza. Na yi ta zarya. Duk wannan lokacin kan Inna a tsefe yake cikin kallabi. Matata ta ce, "Inna, kawo in ɗan kama maki ko guda huɗu ne kafin a tafi." Ta ce, "Bar shi. Yaya za ta yi."

Da aka gama na kawo, ta fi ta da nauyi, don da rodin gini ya yi ta. Aka fito da Inna. Ta miƙa hannu, ta ɗan lalubo kafin ta same shi. Ta murza mariƙin cikin tafinta.

"Ya yi kaushi. Kuma ya yi nisa." Ta taka allon ta gwada. Sai ta ce wa matata, "Ce mashi gobe."

Gobe ba ta yiwu ba. Da yamma labari ya zo cewa ɓarayi sun shiga ƙauyukan da ke gaba da Pauwa, mutane na ta fitowa da kaya a ka. Duk wanda na tambaya sai ya ce kada in kuskura, bare da tsohuwa. Muka ce a jira abin ya lafa. Bai lafa ba. Su Iya ma sun tashi, an ɗauko ta a amalanke zuwa wajen wasu dangi, ga tsufa ga sanyi ga barin gida. Jikanta ne ya kira ni a waya wata safiya, ya ce Iya ta kwanta ba ta tashi ba, har sun rufe ta.

Ranar da Inna ta tsefe kai hanya lafiya lau take. Mutanen garinmu sun je sun dawo a makon. Wannan lissafin ba wanda ya yi mani shi, ni ma ba na son yin shi, amma yana zuwa da kanshi.

Ni na shiga na gaya mata. Na durƙusa bakin ƙofa, inda ita take tsaya mani in ba ni lafiya. Ta ji, ta ce, "To." Can ta ce, "Geron nan a ba kaji, ya kwana biyu a ƙulle." Ba ta ce mani kai ne ba, ranar ko bayanta. Da ta zage ni da na samu abin da zan mayar.

Ƙanena ya zo gaisuwa bayan komi ya wuce. Ya ga baburin a zaure, gaba roba baya rodi, ya ce, "Yaya, mi ka yi wa mashin ɗin Baba haka?" Na ce mashi ya fita mani daga zaure. Makaniken kuwa in na wuce ta gaban garejinshi har yanzu sai ya ɗaga hannu ya ce, "Alhaji, yaya nauyi?" Bai san komi ba, ban kuma gaya mashi ba. Ba na amsawa.

An yi makonni kan Inna na nan yadda yake. Wata rana da hantsi ina gyara igiyar rijiya a tsakar gida, na ji ta kira matata. Ta zare kallabin da kanta. Gashin ya cukurkuɗe, fari fat, ɗan kaɗan. Matata ta ɗauko mataji da tsinke ta zauna bisa kujera, Inna ta zauna ƙasa a gabanta.

"Wane iri za a yi maki, Inna?"

"Kowane."

Ta yi damina biyu bayan wannan, ba ta sake hawa babur ba, don ba inda za ta. Mariƙin na bi shi da yashi da baƙin mai na goge, na goge, ko zai yi santsi irin na da. Bai yi ba, tsatsa ma yake yi in ruwa ya taɓa shi. Yanzu in zan kai masara kasuwa, a jikinshi nake ɗaure igiyar buhu.